Ranar da Ellwood Ya Ƙi Miƙa Hannu

Ellwood Mendenhall ƙanin mijina ne, kuma in don ta hali ne, da ni da shi ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba. Ni Verna kowa ya san ni, ga sauri, ga faɗa, ga baki da ba ya hutawa. Shi kuwa in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya ciro agogon aljihu, ya buɗe, ya duba, ya rufe, ya mayar, ya ɗan yi tunani, sannan ya gaya maka. Kafin nan ka riga ka makara. Shekara ashirin da shida muka yi muna aiki a makaranta ɗaya, ni a kicin, shi a ko'ina. Shi ne mai shara, shi ne mai gyaran tagogi, shi ne mai zuba kwal a murhun da ke ɗumama ajujuwa, in dusar ƙanƙara ta rufe hanya kuma shi ne da shebur tun kafin motar farko ta iso.

Makarantar tamu ƙarama ce, ta jeka-ka-dawo, daga aji ɗaya zuwa aji takwas, yara ɗari da 'yan kai. Tana bayan ɗakin taron ibadarmu na dutse, a ƙauyenmu da ke yamma da birnin Filadelfiya a Amurka. Mu wata ɗarika ce ta Kirista, mutanen waje suna ce mana Kweka, mu dai Abokai muke kiran kanmu, kuma ba mu san wani babban suna ba. Yara suna ce wa shugabar makaranta Malama Alberta, ni Malama Verna duk da cokalin miya a hannuna, shi kuma Malam Ellwood da tsintsiyarsa.

A gonar shanu aka haife shi, shi ne auta. Da yaƙin duniya na biyu ya zo aka kira shi soja, ya ce shi ba ya ɗaukar bindiga, kamar yadda da yawa cikin samarinmu suka ce. Sai gwamnati ta tura shi wani asibitin masu taɓin hankali, ya yi shekara uku yana wanke marasa lafiya yana ba su abinci. Ya dawo a rame, maganar da dama ba ta da yawa ta ƙara raguwa. Bai yi aure ba. Na kai masa sunayen mata sun fi biyar, kowace sai ya ce, "Matar yaya, bari in yi tunani." Yana cikin tunanin duk suka yi aure suka haihu.

Sau ɗaya tak ya taɓa yi mini zancen asibitin nan. Muna feraye tuffa a bayan kicin, ba abin da ya kawo maganar, sai na ji ya ce akwai ɓangaren yara a can.

"Wasunsu ba abin da ke damunsu, Verna. An kawo su ne wai a gyara su. Shekara uku ban ga wanda ya koma gida ba."

Ya ci gaba da ferayarsa.

To, akwai aiki guda da Ellwood yake yi wanda ya fi sharar daraja. Kowace Laraba da ƙarfe sha ɗaya makaranta duka takan tsallaka fili ta shiga ɗakin taro, manya da yara har da ni, mu zauna shiru. Ba limami, ba waƙa, ba mai wa'azi. Wanda Allah ya sa wa magana a zuciya ya tashi ya faɗa ya zauna, ko da ɗan shekara shida ne. Dattawa biyu ne ke zama a bencin gaba suna fuskantar jama'a, kuma taro ba ya tashi sai wanda aka naɗa ya juya ya yi musafaha da na kusa da shi. Jama'armu Ellwood suka naɗa, Alberta kuma ke zama a gefensa. Minti arba'in cif yake ba mu. A nan kam ban taɓa samunsa da laifi ba, don miyata takan yi daidai da tashin taro.

Yanzu ga yarinyar. Sunanta Lenore Cope, 'yar Norris Cope direban motar madara, uwarta ta rasu tana da shekara huɗu. Tun ranar da ta shigo aji ɗaya ba wanda ya ji muryarta a makarantar nan. Ba kurma ba ce, tana ji sarai, tana rubuta aikinta. Ubanta ya ce a gida tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Amma da ta tako ƙofar makaranta sai bakin ya ɗinke. In malama ta matsa mata sai ta shige ƙarƙashin tebur, a yi juyin duniya ba za ta fito ba.

An yi lallashi, an yi kyauta, an bar ta kurum, duk a banza. Tana gama aji uku wani likita a birni ya rubuto takarda, ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, a kai ta gidan kwana na irin waɗannan yara, tafiyar awa huɗu daga nan. Norris, Allah sarki, mutum ne mai ganin girman masu ilimi. Ya ce in haka likita ya ce, shi wane ne.

Kada a ɗauka Alberta Brinton muguwa ce. Mace ce tsayayya mai son yara, amma tana da wasu ɗari a kanta, kuma malamai biyu sun riga sun gaya mata sun gaji. Ta kawo maganar gaban kwamitin makaranta, inda ni da Ellwood duka muke. Mu ba ma ƙuri'a. Ana magana ne ana shiru har magatakarda ya ji bakin kowa ya zo ɗaya, ya rubuta. In mutum ɗaya ya ce zuciyarsa ba ta ba shi ya saki hanya ba, to magana ta tsaya. Ranar nan mu tara muka yarda a sallami yarinyar. Har da ni, ba zan ɓoye ba. Magatakarda ya ɗauki alƙalami ke nan sai Ellwood ya tashi.

"Abokai, ni ban saki hanya ba."

Kai, ran nan na so in jefe shi da jakata. Awa biyu muka yi a kansa. Daga ƙarshe aka daidaita: a ba ta shekara guda. In har aka rufe makaranta a watan Yuni mai zuwa ba ta yi magana ba, Ellwood zai koma gefe a rubuta takardar sallama. Ya ce ya yarda. Mu kuwa ba ma rantsuwa, in mutum ya ce i, to i ɗin ke nan, ba ya da wata ƙofa ta baya.

Shekara ta yi ta tafiya, ni ina zuba ido in ga dabarar da zai yi. Ba dabara ko ɗaya! Bai kira ta gefe ba, bai saya mata alewa ba. In ya wuce ta da bokiti sai ya ce, "Lenore, sannu," ya yi gaba. Kaka ta wuce, sanyi ya wuce, itatuwa suka yi fure, yarinya shiru. Na ce masa, "Ellwood, shekarar da ka roƙa ka zuba ta a rijiya." Ya ce, "Mai yiwuwa."

Ranar Talata ta makon ƙarshe ya shigo kicin da rana ina yanka kaji. Washegari Laraba ce ranar rufe makaranta, iyaye za su zo taro su ci abinci, kwamiti kuma zai zauna da ƙarfe uku. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

"Matar yaya, gobe ki rage wutar miyarki."

"Ka ji mutum! Yaushe ka zama mai girki? Je ka ji da tsintsiyarka."

Bai tafi ba. Ya ce, "Ke a baya kike zama, ƙeyar yara kike gani. Ni fuskokinsu nake gani. Tun watan Maris, duk Laraba, in an kusa tashi sai Lenore ta kama bencin gabanta da hannu biyu. Jikinta yana rawa. Tana ɗagowa kaɗan daga mazauninta."

Na ajiye wuƙa. Duk wanda ya taɓa tashi ya yi magana a taro ya san wannan rawar jikin, ni kaina na san ta.

"To sai me ya faru?"

"Sai minti arba'in ya cika in miƙa wa Alberta hannu." Ya dubi ƙasa. "Ni ne nake katse ta, Verna. Mako goma sha ɗaya ina katse ta, sai makon jiya na gane."

Tausayinsa ya kama ni, amma bakina ya riga zuciyata. Na ce, "Haba Ellwood, yarinyar da ta shekara huɗu ba ta yi ba, minti biyar ɗinka ne zai sa ta yi?" Ya sa hularsa ya fita. Wutar kuma ban rage ba, don ban ga ranar da mai shara zai koya mini aikina ba.

Laraba ta zo da zafi. Ɗakin taro ya cika maƙil, iyaye a baya da gefe, yara a tsakiya aji-aji, tagogi a buɗe. Norris Cope yana can ƙarshen benci cikin rigarsa ta zuwa jana'iza, don ya san abin da za a rubuta da ƙarfe uku. Ni aka cusa ni tsakiyar 'yan aji biyu in riƙa harararsu. Na bar babbar tukunyar miyar kaza da masara a kan wuta, na auna ta daidai minti arba'in da biyar.

Taro ya zauna. Wani ɗan aji takwas ya tashi ya yi godiya ga malamai. Wata uwa ta faɗi wani abu a kan lambunta wanda har yau ban gane inda ya dosa ba. Shiru ya dawo. Da lokaci ya yi, yara da kansu suka fara gyara zama, don jikinsu ya san minti arba'in ko ba agogo. Alberta ta juya ta ɗan miƙo hannu.

Ellwood ya ɗaga cinyoyinsa ya tura hannayensa biyu ƙarƙashi ya zauna a kansu.

Tabɗi! Na ga wuyan Alberta ya yi ja. Ta janye hannun ta ɗora a cinya kamar dama ƙuda ta kora. Ba ta da abin yi. A cikin taro ba a gardama, ba a raɗa, kuma tunda aka gina ɗakin nan ba a taɓa jin wani ya rufe taro ba in ba wanda aka naɗa ba. Mutum ɗari biyu muka koma hannun mai shara.

Minti hamsin. Awa guda. Benci ya fara ƙara, wani jariri ya yi kuka uwarsa ta fita da shi ta dawo. Wani ɗan aji ɗaya ya matse ƙafafu har malamarsa ta ɗauke shi suka je suka dawo. Iyaye maza suna satar kallon agogo. Alberta ta sake miƙa hannu, wannan karon a fili kowa na gani. Ellwood idonsa a rufe, fuskarsa kamar ta mai jiran mota a tasha.

Sai iska ta shigo ta taga ta kawo mini labarin miyata. Ta kama! Duk mai girki ya san warin masara in ta kama gindin tukunya. Wayyo, kaji goma sha biyu! Na yunƙura zan tashi, ga yara shida ta dama, shida ta hagu, sai na tattaka su kafin in fita. Na ɗaga kai in watsa wa Ellwood harara, a nan ne idona ya faɗa kan Lenore, benci uku a gabana.

Ta riƙe bencin gabanta har yatsunta sun yi fari. Kafaɗunta suna rawa. Ta ɗago kamar faɗin hannu, ta koma. Ta sake ɗagowa, ta koma. Rigarta ta jiƙe da gumi a baya.

Na koma na zauna. Na ce a raina, miya ki ƙone, tukunya ma ta ƙone. Ni da na shekara hamsin ina zuwa taro ina lissafin albasa a cikin shiru, ran nan na yi addu'a ta gaske.

Ban san yadda aka yi ba, amma ɗakin ya gane. Ba wanda ya nuna ta, ba wanda ya juya. Ƙarar benci ta ɗauke. 'Yan aji biyun nan da ba sa iya minti ɗaya ba tsungulin juna suka yi tsit. Alberta ta bi inda fuskar Ellwood take kallo, ta gani, sai ta naɗe hannayenta ta sunkuyar da kai. Ba ta ƙara miƙowa ba.

Sha biyu da rabi ta gota lokacin da Lenore ta miƙe tsaye sosai. Ta tsaya, ta tsaya, har na ce za ta faɗi. Sannan murya ta fito, ƙarama, a shaƙe, amma a shirun nan har na bakin ƙofa ya ji.

"Ina jin duk abin da kuke faɗa a kaina."

Ta ja numfashi.

"Ina son makarantar nan. Ba na son tafiya."

Ta zauna.

Kunya ta rufe ni, don sau nawa na yi zancenta a kicin tana tsaye da faranti, kamar zancen tukunya nake yi. Amma murna ta fi kunyar yawa. Norris Cope ya kife fuska a hularsa, bayansa yana girgiza. Na so in yi guɗa, na so in tsallake benci uku in rungume ta. Ba dama, don a wurinmu in an yi magana sai an bar ta ta zauna a zukata. Kuma ku ji mutumin nan, sai da ya ƙara mana minti goma cur! Sannan ya zaro hannunsa, wanda ya mutu don zama a kai, ya miƙa wa Alberta. Ta kama da hannu biyu.

Ɗaki ya ɓarke. Kowa yana musafaha da na kusa da shi kamar yadda aka saba, amma ran nan har da dariya da hawaye. Yaran ajinsu suka yi mata abin da ya fi komai kyau, suka miƙa mata hannu ɗaya bayan ɗaya kamar kowace Laraba, ba wanda ya ce mata ta sake faɗa.

Kwamiti bai jira ƙarfe uku ba. A barandar ɗakin taro muka tsaya mu goma, a tsaye. Alberta ce ta fara magana.

"Abokai, na kawo muku takardar sallamar Lenore a jakata. Ina roƙo a bar ni in mayar da ita gida."

Magatakarda ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ƙi, sai ya ɗora littafinsa a kan dogarin baranda ya rubuta cewa Lenore Cope za ta shiga aji biyar a watan Satumba. Ta shiga kuwa, ta kuma gama aji takwas a hannunmu. Ba ta taɓa zama mai surutu ba, amma in an tambaye ta tana amsawa, ƙarƙashin tebur kuma ba ta sake shiga ba.

Miya dai ta tafi. Na kwashe ta sama na ƙara ruwa da gishiri, na yanka burodi da yawa, na raba wa mutum ɗari biyu miya mai warin hayaƙi ba tare da na ba kowa haƙuri ba. Wata uwa ta yatsina fuska, na ce mata, "Sha, 'yar'uwa, yau ba ranar zaɓe ba ce." Norris ya sha kwano uku, ban jin ya san abin da yake sha.

Da aka watse na tarar da Ellwood a matakalar bayan kicin, kwano a cinyarsa, bai taɓa ba. Ya ɗauki cokali ya ajiye, ya sake ɗauka ya ajiye. Ashe duk zaman nan da ya yi kamar dutse, a tsorace yake. Na zauna kusa da shi, abin da ban saba ba.

"Ka ƙona mini kaji goma sha biyu."

"Na ce ki rage wuta, matar yaya."

"Ka faɗa." Wannan ne karo na farko da na ba shi gaskiya tunda na shigo gidansu, ya kuwa juyo ya dube ni ya tabbatar ni ce. Na ce, "To gaya mini tsakaninka da Allah. Ka yi wa kwamiti alkawari, in an rufe makaranta ba ta yi magana ba za ka koma gefe. Da ba ta tashi ba fa?"

Ya yi tunaninsa na kullum, ni kuma na jira shi ya gama.

"Ai sai taro ya tashi ake rufe makaranta," in ji shi. "Da har yanzu muna zaune."